Ruwa: Ma'anonin Kalmar a Hausar Augie da Kwarin Rima

Ruwa suna ne a harshen Hausa, kuma yana cikin kalmomin da suka fi tara ma'anoni a harshen. Asalinsa shi ne abin nan da ake sha, ake wanka da shi, ake ɗora girki. Amma Bahaushe yana kiran abin da ke sauka daga sama ruwa, ya kira gulbi ruwa, ya kira launin riga ruwa, ya kira ƙarfen wuƙa ruwa, ya kira ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi ruwa, sannan idan zai zame kansa daga wata magana ya ce ba ruwansa. Duk mai jin Hausa ya san waɗannan, daga Kano har Maraɗi. Inda kalmar ta fi kauri shi ne wuraren da abincin mutane yake cikin ruwan kansa, irin ƙasar Augie a jihar Kebbi, domin can masunta da manoman fadama suna da maganganun da mutumin tudu bai cika buƙatarsu ba.

Siffar kalmar

Gaɓa biyu ce, duka da karin sama, wasalin farko gajere, na ƙarshe dogo. Yawancin sunayen Hausa masu ƙarewa da wasalin a jinsin mace ne, amma ruwa namiji ne, kamar gida da suna da nama. Shi ya sa ake cewa “ruwan rijiya” da “ruwa ya tafasa”. Jam'insa ruwaye, ba a kuma cika faɗarsa ba sai idan ana nufin iri-iri, ko tafkuna da ƙoramu daban-daban. A Hausar yamma akan ji an ɗauki kalmar kanta a matsayin jam'i, a ce “ruwa sun sauka”, daidai da yadda ake cewa “kuɗi sun ƙare”. Idan aka ninka ta sai ta zama siffa: kunu ya yi ruwa-ruwa, bai yi kauri ba ke nan. Daga kiran mai talla, “ga ruwa!”, aka sami ɗan garuwa, mai tura kurar jarkoki a Birnin Kebbi da Argungu da kowane gari da famfo ya gaza.

Hausa tana cikin dangin harsunan Cadi, sai dai a nan ta bambanta da 'yan uwanta da dama. Bolanci yana cewa “amma”, harshen Ngizim yana cewa “am”. Maƙwabtan Kabawa, mutanen wannan yanki na Augie, su ma kowa da tasa: Zabarmawa “hari”, Fulani “ndiyam”. Abin lura shi ne a Zabarmanci ma kalma ɗaya ce ke ɗaukar ruwan sha da ruwan sama.

Wurin da ake magana a kai

Augie ƙaramar hukuma ce a arewacin jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana cikin masarautar Argungu tare da Argungu da Arewa da Dandi, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 117,287. Cikin garuruwanta akwai Augie kanta da Tiggi da Bayawa da Bubuce da Birnin Tudu da Mera da Yola. Gulbin Rima, bayan ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, yana gangarowa ta nan ya wuce Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara. A wannan yanki ana kiransa Gulbin Kabi, ko gulbi kawai, tunda babu wani da za a rikita shi da shi. Faɗin fadamarsa ya kai kilomitoci, kuma ita ce ta ciyar da daular Kabi tun zamanin Muhammadu Kanta a ƙarni na 16. Bayan Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, Kabawa suka mai da Argungu mazaunin sarautarsu, Augie kuwa tana cikin garuruwa masu ganuwa da suka tsaya tare da ita a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19.

Na sama da na gulbi

Hausa ba ta ware wa abin da ke zubowa daga gajimare suna na kansa ba. “Ruwan sama” ake cewa idan ana son fayyacewa, amma a magana ta yau da kullum “ana ruwa” ya isa, ba wanda zai tambaya wane ruwa. Sunaye na musamman suna zuwa ne wajen rarrabe irinsa: yayyafi, mamako, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan ƙanƙara. Manomi yana jiran ruwan shuka, wato wanda ya jiƙa ƙasa har ta riƙe iri. Idan ya ɗauke a tsakiyar damina aka shiga fari, sai a fita roƙon ruwa. Idan kuma ya yi yawa har ya rushe ɗakuna, ba a cewa ya yi ɓarna. “Ruwa ya yi gyara” ake cewa, don ladabi ga Wanda ya saukar da shi, kuma wanda ɗakinsa ya faɗi shi ma haka zai faɗa da bakinsa.

Daga wannan ma'ana ne aka ari ruwa ga duk abin da ya zubo da yawa lokaci guda: ruwan duwatsu, ruwan harsasai, ruwan kuɗi a wajen biki, ruwan ƙuri'u ranar zaɓe. Abin da ya game ko'ina kuma ya zama ruwan dare, mai sauka kowa na barci, a wayi gari ya taɓa kowane gida.

A ƙasar Augie akwai ruwa na biyu da ake jira, ban da na sama. Shi ne cikar gulbi, wadda ke zuwa daga ruwan da aka yi can sama, a ƙasashen Zamfara da Katsina da Gobir. Manomin fadama zai ce “ruwa ya kawo”, ko da Hausar wurin “ruwa ya zaka”, alhali sama tana tas babu ko gajimare. Ruwa ya hau, ya kwanta a fadama, ya janye, kowane mataki da aikin da ake yi a cikinsa. Tsohuwar shinkafar gargajiya ta wannan kwari irin mai bin ruwa ce: ana shuka ta kafin cika, ruwa na hawa tana ƙara tsawo, kanta na sama. Idan hawan ya fi ƙarfinta sai a ce ruwa ya ci gona. Da wannan fi'ilin ake faɗar mutuwar wanda ya nutse, ruwa ya ci shi. A duk waɗannan jimloli ruwa ne mai aikatawa, mutum yana kallo.

Madatsun ruwa sun shigo da wata jimla dabam. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo a kan Rima a 1984. Tun daga lokacin manomin Augie ya koyi cewa “an sako ruwa” ko “an riƙe ruwa”. Nan ruwa ya koma abin da ake yi wa aiki, akwai hannun hukuma a bayansa, akwai kuma wanda za a kai wa kuka. Ambaliyar 2010 da ta bi kwarin Rima daga Goronyo zuwa ƙasar Kabi, da ta 2020 da ta cinye shinkafa mai yawa a jihar Kebbi, duk an yi ta muhawara a kansu da waɗannan kalmomi biyu: ruwa ne ya kawo, ko sako shi aka yi? Amsar tana da nauyi, domin ɗaya ƙaddara ce da ake yi wa jaje, ɗayar kuwa magana ce ta diyya.

Noman rani ya ƙara nasa. A da jigo ne da guga. Yanzu manomi yana kafa bututu cikin yashin fadama, ya ɗaura injin ban ruwa, ya ɗura ruwa a bakin tiyo don ya kama, ya ja igiya. Ruwan ya biyo kwalbatin ƙasa, yaro yana gaba da fartanya yana buɗe bakin fangali, ya cika ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Wannan shi ne ban ruwa. Idan aka ce wa manomi “ka ba da ruwa?” ana tambayar ko ya shayar da gonarsa ne, kuma tambayar tana ɗauke da ta farashin fetur a cikinta.

Ruwa a bakin masunta

Ga Kabawa masu su da Sarkawa, ruwa wuri ne mai iyaka da mai shi da doka. Akwai sarauta sukutum da sunansa, Sarkin Ruwa, wanda a Argungu shi ke kula da Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi. Bikin a siffarsa ta yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Amma al'adun da aka gina shi a kansu sun girme shi nesa ba kusa ba, kuma biyu daga cikinsu suna ɗauke da wannan kalma. Gyaran ruwa shi ne tsarkake gulbi da neman kariya daga abin da ke cikinsa kafin a shiga. Fashin ruwa shi ne buɗe lokacin su, bayan an hana kamu na wani tsawon lokaci don kifi ya hayayyafa. A nan “fashi” daga fasawa yake, wato a fasa ruwan da aka rufe, ba shi da alaƙa da fashin 'yan fashi. Dokar rufe ruwa da fasa shi dabara ce ta kiyaye kifi wadda ta cancanci a girmama ta, domin ta yi aiki tun kafin a san ma'aikatar kula da albarkatun ruwa.

Masunci yana shiga da gora da homa. Gorar babba ce mai baki a sama. Yana kifa cikinsa a kanta ta ɗauke shi, idan ya kama ƙaramin kifi ya jefa ta bakin. Homar tana hannu biyu, dama da hagu, ya nutsa ya buɗe su ya haɗe. Wanda ya ƙware a wannan an ce ya iya ruwa, daga nan kuma karin maganar nan ta fito, iya ruwa fid da kai.

Dabbobin gulbi da yawa sunansu aro ne daga na tudu, aka liƙa musu ruwa. Giwan ruwa shi ne babban kifin da kan ci gasar Argungu. Akwai ragon ruwa, akwai agwagwar ruwa da kazar ruwa. Har iskokin da tsofaffin masunta suka yi imani suna zaune a gurabe masu zurfi ba a kama sunansu, mutanen ruwa ake ce musu. Wannan tsari na liƙa ruwa bai tsaya ba da zamani ya zo, shi ya ba da jirgin ruwa da sojan ruwa da tashar jiragen ruwa. Sunayen wurare ma sun ɗauka: Bakin Ruwa, Farin Ruwa, Ruwan Ɗorawa.

Karin magana na wannan fanni suna da yawa, kuma mutumin da bai taɓa ganin gulbi ba yana amfani da su. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, ga wanda dabara ta ƙare masa. Ruwa ba ya tsami banza. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya hana ruwa gudu shi ne ya tsaya wa wani al'amari a gaba. Taro ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi.

Sha, tsarki da jiki

Baƙo ruwa ake fara ba shi kafin a tambaye shi labari, sau da yawa farau-farau, wato ruwan da aka dama ɗan gari ko fura a ciki. Da azumi kalmar tana ɗaukar buɗa-baki gaba ɗaya. “Barka da shan ruwa” gaisuwa ce ta bayan magariba, ko da dabino da kunu da ƙosai mutum ya fara. A makarantar zaure, ɗalibin da ya fara Ahalari ko Ishmawi ba ya nisa sai ya tarar da hukuncin ruwa: wanda yake mai tsarki mai tsarkakewa, da wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canja. “Kama ruwa” kuwa lafazin kunya ne na yin tsarki bayan biyan buƙata, har yakan tsaya a madadin buƙatar kanta. Wanda ake nema ruwa a jallo ana nemansa da gaggawa ne, jallo kuwa ɗan goran alwala ne na matafiyi.

Duk abin da ke gudana ko aka matse shi ma ruwa ne. Ruwan lemo, ruwan nono, ruwan miya, ruwan batir, ruwan biro. Ruwan zafi a teburin mai shayi shayi ne, a ɗakin mai jego kuwa na wanka ne. A asibiti ana yi wa majiyyaci ƙarin ruwa. Sai waɗanda suka bar jiki suka koma hali. Wanda cikinsa ya ɗuri ruwa tsoro ya kama shi. Mai ruwan ido ba kuka yake ba, ya kasa zaɓe ne tsakanin abubuwa, wannan ya yi masa kyau wancan ma haka. An gama abu cikin ruwan sanyi idan ba a yi rigima ba, an kai ruwa rana idan an sha fama, wanda kuma ya jawo wa kansa masifa ya ɗebo ruwan dafa kansa. Littafin Abubakar Imam da ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, Ruwan Bagaja, sunansa daga wannan rumbu yake: ruwan magani da ake tafiya mai nisa a nemo.

Launi da ƙarfe

Launukan da Hausa ta ba suna na kansu kaɗan ne, irin fari da baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya. Sauran da ruwa ake gina su, a ɗauko wani abu sananne a jingina: ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan madara, ruwan ganye. Hanyar a buɗe take, shi ya sa kayan kanti suka shiga ba tare da wahala ba, aka sami ruwan hoda da ruwan bula da ruwan siminti, har da ruwan Omo daga launin garin sabulun wanki. Mace a kasuwar Argungu za ta ce wa mai atamfa ya miƙo mata mai ruwan goron can, ya gane nan take. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne na marina. Launi a wurin marini ruwa ne na gaske, yana cikin rijiyar baba, ana tsoma zane a fito da shi ya ɗauki ruwan. Wanda ya jiƙa goro ko garin ɗorawa ya ga abin da ya fito, ya san inda sunan ya samo tushe. Kusa da wannan akwai ruwan gwal da ruwan azurfa da ake shafa wa ɗan kunne, da “ruwa biyu” da ake faɗa wa wanda iyayensa jinsi biyu ne.

Ma'anar da ta fi ba baƙon harshe mamaki ita ce ta maƙera. Ruwan wuƙa shi ne ƙarfenta mai yanka, ban da mariƙi da kube. Haka ruwan takobi, ruwan gatari, ruwan laujen da ake yankan shinkafa da shi. Manomi yakan kai wa maƙeri fartanya ya ce ƙotar lafiya lau, ruwan ne ya cinye.

Kuɗin ruwa

Ƙarin da mai ba da bashi ke ɗorawa a kan uwar kuɗi shi ne ruwa. Ana cewa bashi da ruwa, bashi marar ruwa, ruwan ya taru. Kalmar ta yi wa Hausa amfani sosai, domin “riba” a rubuce tana da fuska biyu: ribar ciniki da aka halatta, da riba da Alƙur'ani ya haramta. “Kuɗin ruwa” ba ya barin wannan shakka, shi ya sa malamai a wajen wa'azi da 'yan jarida a rediyo duka suka riƙe shi.

A ƙasar Kabi maganar ba ta littafi kaɗai ba ce. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba manoman shinkafa rance a jihar Kebbi, da ruwa kashi 9 cikin 100. Manoma da yawa sun karɓa, wasu sun ja baya saboda ruwan, aka yi ta tambayar malamai. Bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da “banki marar kuɗin ruwa” aka san shi a Hausa. A ƙauye kuma akwai tsohon tsari wanda ba a rubuta shi: ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi ko taki lokacin shuka, a biya shi da buhun shanshera idan an yi girbi, a farashin da aka yanke tun manomi yana cikin matsi. Ba a kiran wannan ruwa a fili, amma manomin da ya auna abin da ya karɓa da abin da ya mayar yakan ce ruwan ya fi na banki. A bakin mutum ɗaya, a shekara ɗaya, ana iya jin ruwa ya ci gonarsa, ruwan bashi kuma yana hawa.

Ba ruwana

Wannan ita ce ma'anar da ta fi nisa da asali, ita ce kuma aka fi faɗa. Ruwa a nan yana nufin abin da ya shafi mutum, ko haƙƙinsa na sa baki. Kusan kullum da mallaka yake zuwa, kuma ya fi zama cikin korewa ko tambaya: ba ruwana da shi, babu ruwanki, ina ruwanka? Wanda aka ce wa haka yana iya mayarwa, “da ruwana”. Idan aka ce “ruwanka ne”, an bar maka zaɓi, ka je ko ka zauna. Wanda ya shiga abu dumu-dumu yana da ruwa da tsaki a ciki. Mutumin da aka ce “ba ruwansa” ba tare da an ƙara komai ba, yabo ne, mai sauƙin kai ne da ba ya shiga harkar mutane. Murya ma tana juya ta: tsohuwa ta ga jikanta ya yi abin dariya ta ce “ina ruwan wane!”, wannan ƙauna ce zalla. Karin magana ya ce ina ruwan biri da gada, ya kuma ce ba ruwan arziki da mugun gashi.

A kwarin Rima wannan lafazi yana da wani amo na daban, domin can “ruwan wane” magana ce ta zahiri. Tafki ko gurbi yana iya zama na wani gari ko wani gida, ba a jefa homa a ciki sai da izini. Mutumin da ya tashi cikin wannan tsari, idan ya ji “ba ruwanka”, yana jin iyaka da mallaka a cikinta fiye da yadda mutumin birni ke ji.

Daga wannan lafazi aka ƙera sunan ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, wadda aka kafa a Belgrade a 1961, tushenta kuma taron ƙasashen Asiya da Afirka 29 da shugaba Sukarno ya karɓi baƙunci a Bandung ta Indunusiya cikin Afrilun 1955. Sunan ya zauna daram a kunne, ko da yake ya ɗan rage musu: ƙasashen suna da ruwa da tsaki a yaƙi da mulkin mallaka, abin da ba ruwansu da shi shi ne bin Amurka ko Tarayyar Sobiyet.

Kwatanci da harsunan Malay da Indunusiya

Harshen Indunusiya daga Malay ya fito. Matasan ƙasar suka ɗauke shi harshen haɗin kai a 1928, ya zama na hukuma da samun 'yanci a 1945, yau kuma shi da Malay na Malesiya suna fahimtar juna duk da bambance-bambance. Kalmarsu ta ruwa ana rubuta ta “air”, a furta ta kusa da “ayir”. Kafin gyaran rubutu na 1972 a Malesiya “ayer” ake rubutawa, shi ya sa ta rage a sunayen garuruwa irin Ayer Hitam, wato baƙin ruwa.

Ita ma ta yi rassa, wasu sun yi daidai da na Hausa har abin ya ba da sha'awa. “Mata air”, idon ruwa, shi ne maɓuɓɓuga, kamar yadda Bahaushe ke cewa idon ruwa. Idan aka juya, “air mata”, ruwan ido ke nan, amma su hawaye suke nufi, ba rashin iya zaɓe ba. “Buang air”, zubar da ruwa, lafazin kunya ne na zagayawa, ɗan uwan kama ruwa. A Malesiya kalmar tana ɗaukar kowane abin sha, har shayi, don haka mai son zallan ruwa sai ya ce “air kosong”, ruwa fanko, alhali a Indunusiya “air putih” zai ce, farin ruwa. “Air muka”, ruwan fuska, shi ne yanayin fuskar mutum da mutuncinsa. Mafi girma a cikinsu “tanah air”, ƙasa da ruwa, wadda ke nufin ƙasar haihuwa. Ga al'ummar ƙasa irin Indunusiya mai tsibirai kusan 17,000 wannan ba abin mamaki ba ne. Bahaushe ƙasa kawai ya ce, amma Bakabe na fadama zai gane nufinsu ba tare da dogon bayani ba.

Inda suka rabu ya fi yawa. Ruwan sama yana da sunansa dabam a can, “hujan”. Launi “warna” ne. Ƙarfen wuƙa ido suka kira shi, “mata pisau”. Ƙarin bashi kuwa a Indunusiya fure ne, “bunga”, abin da uwar kuɗi ta tsiro da shi. Babu kuma wani abu mai kama da “ba ruwana” da aka gina a kan ruwa. Wannan ya nuna cewa idon ruwa da lafazin kunya abubuwa ne da harsuna marasa dangantaka kan faɗa musu kowa ta hanyarsa, amma ruwa na launi da na wuƙa da na bashi da na “ba ruwana”, waɗannan ƙirar Hausa ce.

A cikin ƙamus

Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 da na R. C. Abraham na 1949 sun tattara misalai masu yawa a ƙarƙashin wannan kalma, Bargery kuma yakan nuna abin da yake na Sakkwato ko na Katsina. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, na Paul Newman a 2007. Daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta, saboda haka ma'anonin kasuwa da na gida sun sami wuri fiye da na bakin gulbi. Sunayen matakan cika da janyewa, da na gurabe, da na irin kamu, da lafuzan gyaran ruwa, mafi yawansu suna bakin dattawan masunta ne da tsofaffin manoman shinkafa, madatsu da injin ban ruwa kuwa suna canja aikin da ya haife su. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana Argungu, Jami'ar Tarayya tana Birnin Kebbi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana Sakkwato. Ya kamata ɗaliban Hausa na waɗannan makarantu su sauka fadamar Augie da na'urar ɗaukar murya, su rubuta kalmomin nan yadda masu su ke furta su, tun dattawan suna raye.